Harajin Fanshon Malam Ango

Dengfeng, Guangzhou
Farkon Fabrairu, 2026

Ladidi ƙanwata,

Shekarar da na ajiye aiki na ji wani zance a layin tantance 'yan fansho. Wani tsohon direban motar asibiti, mai haƙori ɗaya tal a sama, ya rantse mana cewa rana na zuwa da gwamnati za ta bi tsoho har kan tabarmarsa ta yanki haraji daga fanshonsa. Na yi dariya har carbina ya faɗi. Na ce masa, "Malam, shekara talatin da biyar ina karɓar haraji a kasuwanni. Na karɓa wurin mai tumatir, na karɓa wurin mai jaki, ban taɓa jin an koma kan wanda aka riga aka gama tatsa ba." Ya ce in dai jira.

Af, na kama zance ban gaishe ki ba. Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yaronki Lukman da iyalinsa. Yaya hawan jinin, kina dai shan maganin? Ni gwiwa ce kawai. Muna hawa na biyar, gidan ba lif, don haka sai Juma'a nake sauka, ɗanki na nan, wato ɗan farin nan nawa, ya sa ni a tasi zuwa masallacin Huaisheng. Sauran kwanaki ina bakin taga ina kallon masu turin kaya. Ɗan naki yana ƙoƙari, tun safe yana kasuwar Canaan yana ɗaure wa mutane diloli yana tura musu gida. Tun da ya kawo ni bayan rasuwar mahaifiyarsa bai bar ni na sayi ko sabulu ba. Har matar da ke da gidan, lawban kamar yadda suke ce wa duk mai abu a nan, wadda da can take kallona kamar na zo da annoba, 'yan watannin nan ta koma yi mini murmushi, ran nan har lemo ta miƙo mini. Farin jinin gidanmu bai tsufa ba.

Hajiya Surayya mai kayan yara ce za ta kawo miki wannan. Kin san waya a ƙasar nan ba ta kai ni gida sai ta wayar ɗanki, shi ya san dabarar buɗe ta, kuma yana gefena duk sanda muke magana. Akwai zancen da ba a yi a gaban ɗa.

Ga maganar. Kin san hanyar fanshona: ki cira da katina, ki kai wa Abdulhakeem mai canji a Wapa, ya buga wa wansa Al-Amin nan Dengfeng, Al-Amin ya ba ɗanki kuɗin Chana, shi kuma ya hawo mini da su. To tun wajen ƙarshen bara abin da ke isowa hannuna ya rame, wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Na tambayi 'yan kasuwa a masallaci ko naira ce ta sake faɗuwa, suka ce ai ta ma ɗan samu lafiya. Sai aka ce mini sabuwar dokar harajin nan ce, wai ta shafi fansho, wai wanda ke zaune a waje an fi matsa masa, tun a wurin canji ake cirewa.

Ban yi musu ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gaya wa masu sayar da daddawa cewa haraji wajibi ne, da wane baki zai yi kuka ranar da aka zo kansa? Amma direban nan yana ta faɗo mini a rai. Ke ma 'yar fansho ce tun da kika bar aikin jinya. Naki an taɓa shi? Ki bincika mini a hankali. Kada Lukman ya ji, kin san zuciyarsa tana kusa.

Yayanki,
Ango


Gwammaja, Kano
Farkon azumi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Jikina da sauƙi, amma gidan ba lafiya, sai ka karanta a zaune.

Fanshona ba wanda ya taɓa shi. Duk da haka na tafi ofis na tambaya, na kuma tambayi mijin maƙwabciyata da ke aikin akanta. Bakinsu ɗaya. Harajin ma'aikaci a albashinsa ake cirewa tun yana aiki. Fansho da garatuti doka ta keɓe su, tsohuwar dokar da sabuwar duka. In ɗan fansho yana da gidan haya ko kasuwanci, wannan kuɗin daban ne, ana iya bin sa a kai, amma fanshon kansa a'a, ko yana Gwammaja ko yana bayan duniya. Kuma mai canji ba shi da hurumin karɓar wa gwamnati komai. Ka ma duba, Yaya: dokar a Janairu ta fara aiki, kai kuma tun bara ake yanka ka.

Ka ce kada Lukman ya ji. To wa zai kai ni Wapa in ba shi ba? A babur ɗinsa muka je, na ce ya jira ni a bakin titi. Na sami Abdulhakeem na ce masa, "Wane haraji kuke cire wa yayana?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, azumin ne ya fara taɓa ki, ko tsufa?" Abokansa suka kwashe da dariya. Na ce ɓarayin tsofaffi kawai. Ya miƙe ya nuna ni da yatsa har ya taɓa mini mayafi, ya ce in bar masa wurin sana'a.

Ban san sanda Lukman ya iso ba. Sifanar garejinsa ce a hannunsa, babbar nan. Sau ɗaya ya kai masa a muƙamuƙi. Yaya, na yi aikin asibiti har na tsufa, na san ƙarar ƙashi in ya karye, ban taɓa jin ta kusa da kunnena haka ba. Yaron ya faɗi kan kuɗinsa, jini yana bin ƙullin nairori, haƙoransa a ƙasa. Sai 'yan canji suka rufe Lukman da kujeru da bel da duwatsu, suka yaga masa kunne, suka tattaka shi. Na kwanta a kansa, ni ma na sha nawa a kafaɗa. Da ba don 'yan sanda ba da gawarsa zan ɗauko. Yanzu yana hannunsu. Abdulhakeem an ɗaure masa baki da waya, da tsinken roba yake shan kunu.

Ban ce Lukman ya yi daidai ba. Amma ban ce na yi wa ɓarawo kuka ba.

Ka gaya wa Khalil ya yi hankali da mutanen Al-Amin. I, Khalil, ni ba ɗan farina ba ne, ina iya kiran sunansa, kai ka ci gaba da "ɗanki". Na buga wayarsa ta ƙi shiga. Ga shi an ce kasuwanninku a rufe suke don sabuwar shekarar 'yan Chana, ba mai tafiya, ban san yaushe wannan za ta iso ka ba.

Kuma ka rubuta "aka ce mini". Wa ya ce maka?

Ƙanwarka,
Ladidi


Dengfeng
Tsakiyar azumi

Ladidi,

Amin, wa alaikumus salam. Sannu da kafaɗa, Allah ya ƙara sauƙi, ya fito da Lukman. Ni lafiyata ƙalau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Wasiƙarki ta iso bayan an zubar da jini a nan ma. Labarin Wapa ta waya ya zo wa Al-Amin tun ranar, ni kuwa ina bakin taga ina kallon fitilun bikinsu jajaye, ban san komai ba. Na dai lura ɗanki ya daina cin abincin kirki, in wayarsa ta yi ƙara sai ya kife ta. Na ɗauka ciwon rashin ciniki ne.

Da aka buɗe Canaan ɗanki ya fita. Akwai wani lungu a bayan kasuwar inda ake matse diloli a ɗaure su. Nan 'ya'yan kawun Al-Amin su biyu suka tare shi da rana tsaka, da azumi a bakinsu. Wani mutumin Maraɗi da ya kawo mini shi gida shi ya ba ni labari. Ɗaya ya ɗauko ƙarfen da ake jan igiyar dila da shi ya sa masa a haƙarƙari. Da ya durƙusa, ɗayan ya zaro 'yar wuƙar nan ta yankan kwali ya ja masa daga gefen kunne zuwa haɓa, ya ce, "Wannan na bakin Abdulhakeem ne." Suka yi ta shurinsa a tsakanin diloli har wata farar shadda ta wani bawan Allah ta rine. 'Yan Chana masu gadi suna busa usur, su kuwa suka bi ta wata ƙofa suka ɓace.

Abin da mutumin Maraɗin ya kasa ganewa, ni ma na kasa, wai ko hannu bai ɗaga ba. Kin san ƙirarsa, dila guda yake saɓawa a kafaɗa. Ya tsaya kawai, hannuwa a sake, kamar mai jiran a auna masa riga.

An ɗinke fuskar a wani ƙaramin asibiti. Ya hana a kira 'yan sanda. Da na ga an shigo da shi, rabin fuska a naɗe, yana numfashi kamar tsohon gugan ƙarfe, sai na ji gwiwar nan ta warke. Na ce masa, "Sun sace mini, sun kuma yanka mini kai?" Ya ce, "Baba, don Allah a bar maganar." Na ce ba za a bar ta ba. Ya juya wa bango fuska. Haƙurin uwarsa ya ɗauko, Allah ya ji ƙanta.

Kina tuna sandata mai bakin ƙarfe, wadda nake zagaya rumfuna da ita? Na zo da ita don gwiwa. Jiya na zauna na goge ta da man gyaɗa. Ban taɓa dukan kowa da ita ba a duk aikina, buga ta a ƙasa kawai nake yi kuɗi su fito. Al-Amin ba ya fashin Juma'a, ni ma haka.

Kin tambayi wanda ya gaya mini. Zance ne, Ladidi, zance yawo yake yi. Bar wannan.

Musa mai takalma zai tashi gobe, shi na ba.

Ango


Gwammaja
Goman ƙarshe

Yaya,

Salamu alaikum. Ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa. Muna nan da rai.

Hoton fuskar Khalil ya riga wasiƙarka zuwa, wani ya ɗauka ya watsa, duk unguwa an gani. Yaran garejin su Lukman sun taru a zaurena jiya. Na ga jarkar fetur a ƙarƙashin benci, na ga abin da ke cikin buhun da suka jingine, ba rake ba ne. Sun san gidan su Abdulhakeem a Fagge. Uwarsa tana ciki, da matarsa mai tsohon ciki. Sun ce kafin a ga watan Salla za a yi ta ta ƙare.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai su bi ta kaina. Babbansu ya ce, "Inna, Kawu Ango kawai muke jira. In ya ce daga bakin Al-Amin zancen harajin ya fito, shi ke nan." Na ce su ba ni kwana kaɗan. Sun ba ni, ban san ko za su cika ba.

Na je na duba Abdulhakeem, aikin jinya ba ya barin mutum. Ba ya iya magana. Ya kama hannuna ya ɗora a kan Alƙur'anin da ke gefen gadonsa, ya ɗora nasa, yana girgiza kai, hawaye na bin wayar bakinsa. Yaya, na ga maƙaryata da yawa a gadon asibiti. Tun ranar barcina ya ƙaura.

Ka ajiye sandar nan, ka girmi wannan. Kuma ka daina ce mini zance yawo yake yi. Zance ba shi da ƙafa, mutum ne ya hau bene hawa biyar ya kawo maka shi. Suna nake so.

Ladidi


Dengfeng
Juma'ar ƙarshen azumi

Ladidi ƙanwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fata kafaɗar ta saki. Ni yau hannuna na dama ne ke ciwo, za ki ji dalili.

Musa ya miƙa mini wasiƙarki a harabar masallaci bayan an idar. Na karanta, na ninke, na sa a aljihu, ban ajiye sandar ba. Juma'ar da ta wuce Al-Amin bai zo ba, yau ma ban gan shi a sahu ba, sai na sa aka kai ni shagon wayoyin da yake zama a kusurwarsa, daura da gidanmu.

Yana ganina ya miƙe ya rusuna, ya ce, "Baba, barka da Juma'a." Na amsa masa da bakin ƙarfen. Girarsa ta dare, jini ya rufe masa ido ya zubo kan gilashin da ake jera wayoyi. Na sake ɗagawa, ya kauce, gilashin ya tarwatse. Mai shagon ta ƙwalla ihu ta rarumi waya za ta kira 'yan sanda. Shi da ke zubar da jini shi ya riƙe mata hannu yana cewa, "Lawban, meyo, meyo, babana ne!" Wato babu komai. Sai gwiwar ta tuna da ni, na tafi zan faɗi, ya tare ni ya zaunar da ni a kan kujerarsa.

Ya danna hula a kan raunin ya ce, "Baba, ka gama?"

Na ce, "Ban gama ba."

Ya ce, "To ka huta tukuna, sai ka ƙarasa. Amma wallahi, da azumin nan a bakina, ko ƙwandala ban taɓa riƙe maka ba, ni da ƙanena. Yaran nan ban aike su ba, na kore su daga garin ma. Tun ranar da aka fasa wa Abdulhakeem baki na gane inda kuɗinka ke tsayawa. Furfurarka ta sa na yi shiru, ita ta sa nake canza masallaci."

Na ce, "Ina suke tsayawa?"

Ya nuna tsallaken titi da haɓa. Ga lawban ɗin gidanmu zaune a bakin ƙofa tana ɓare lemo. Ta hango ni, ta ɗago mini hannu, tana murmushin nan da na yi miki alfahari da shi.

Ban san yadda na hau benen ba. Na sami ɗanki kwance. Na ce, "Hayar gidan nan wa ke biya?"

Ya ce, "Kai ne, Baba."

Kasuwa ta mutu masa tun damina. Masu ba shi aikin tura kaya sun koma saye ta waya kai tsaye daga masana'anta. Matar da ke da gidan ta ce ko haya ko titi.

Na ce, "Me ya hana ka ce, Baba ba ni? Da na hana ka?"

Ya ce, "Ni na ɗauko ka. Na tsaya a gaban dangi na ce ka gama wahala, ka zo ka huta. Da wane ido zan miƙo maka hannu?"

Na ce, "To me ya sa haraji? Duk ƙaryar duniya ba ka samu wata ba?"

Ya ce, "Shi kaɗai na san ba za ka yi musu da shi ba."

Sandar tana hannuna, da jinin Al-Amin a bakinta bai bushe ba. Na ɗaga ta, Ladidi. Na duba jikin nan daga sama har ƙasa ban ga inda ya rage ba a doka ba, na ajiye.

Kin yi gaskiya da kika ce zance ba shi da ƙafa. Gaskiyar nan ban san ta da kai ba, amma cikina ya sani tun ranar da mutumin Maraɗi ya ce bai ɗaga hannu ba.

Yanzu ki saurara. Wannan wasiƙar ba za ta jira jirgi ba. Al-Amin yana zaune a gabana da ɗinki a gira, ina gamawa zai ɗauki hotonta ya turo miki. Ya ce in aka faɗi gaskiya a fili a Wapa, inda aka kira su ɓarayi, zai roƙi mahaifiyarsu su janye ƙara a saki Lukman. Ki tara yaran garejin ki karanta musu da ƙarfi, su juye fetur ɗin a tankin baburansu. Daga nan ki tafi Wapa ki sake karantawa. Sannan ki je Fagge ki durƙusa wa tsohuwar nan a madadina. Fanshona kuma ki riƙa kai shi can har bakin yaron ya buɗe.

Na san abin da wannan zai yi. Mai tura kaya da amana yake ci, in aka karanta wannan a Wapa, kafin la'asar Kantin Kwari ta ji, ba mai sake ba shi ko ɗaurin safa. Na gaya masa. Ya ce in rubuta. Bayan Salla za mu taho tare, ki sa a share mini ɗakina.

Saura suna, don na san yaran ba za su karɓi "ɗanki" ba. Tun ranar da aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakina ba, ke shaida ce, ko a takardar makaranta ke kike cikewa.

Zancen harajin fansho na fara jin sa daga direba mai haƙori ɗaya, ban yarda ba. Na sake jin sa wurin masu shayi da masu jiran mota, ban yarda ba. Wanda ya gaya mini na ƙarshe, na kuma yarda, ya durƙusa ne a gabana a ɗakin nan, ya ajiye kuɗin a kan dardumata, idonsa a ƙasa. Ba Al-Amin ba ne, ba Abdulhakeem ba ne.

Ibrahim Khalil ne. Ɗana.

Yayanki,
Ango